Tsutsar Saniya da Tsutsar Mutum a Bakin Kogin Gongola

Kogin Gongola daga tsaunukan Jos yake tasowa. Ya ratsa kudancin Bauchi, ya bi ta ƙarƙashin gadar Dindima, ya nausa arewa maso gabas har Nafada, sannan ya karyo kudu ta Dadin Kowa, ya karɓi ruwan Hawal, ya je ya faɗa Binuwai a Numan. Duk inda ruwan nan ko rassansa suka hau kan duwatsu suna gudu suna kumfa, wurin ya dace da hayayyafar wani ɗan baƙin ƙuda mai ƙusumbi, wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Sauro ruwan da ya kwanta yake nema, shi kuwa wannan sai mai gudu, domin 'ya'yansa na manne ne a jikin dutse da ganyen da ruwa ke kaɗawa, suna tace abinci daga abin da ruwan ya kwaso. Shi ya sa ƙasar duwatsu irin ta Toro da Dass da Tafawa Ɓalewa da Ningi ta fi dacewa da shi a kan shimfiɗaɗɗen rairayin Katagum.

Macen ce ke cizo, kuma da rana tsaka take yi, lokacin da manomi ke duƙe a fadama, mata na wanki, masunci na cikin ruwa, makiyayi ya koro garke mashaya. Ba ta zaɓar jini. Yau ta sha na mutum, bayan 'yan kwanaki ta sha na saniya. Wannan zirga-zirga tsakanin ƙwaurin mutum da cikin saniya ita ce tushen maganar da nake son mu warware, domin an fara jin mutane na cewa makantar kogi, ciwon da cizon wannan ƙuda ke yaɗawa, daga dabbobi take zuwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ta wani ɓangare, amma idan aka haɗiye ta yadda take, za a bar jaki ana dukan taiki.

Tsutsar da ke makantar da mutum sunanta Onchocerca volvulus, kuma a jikin ɗan Adam take rayuwa. Idan ƙudan ya zuba ɗanta a raunin cizo, yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya balaga. Manyan sukan dunƙule a cikin kullutu ƙarƙashin fata, galibi a ƙugu, haƙarƙari ko gwiwa, inda ƙashi ke kusa. Macen siririya ce ƙwarai amma tana iya kai rabin mita, namijin kuwa santimita 2 zuwa 4 ne. Tana iya yin shekara 10 zuwa 15 a raye, kullum tana zubo 'ya'ya kimanin dubu. Abin mamaki, uwar ba ta cika damun mai ita ba. 'Ya'yan ne masifar. Ido ba ya ganinsu, suna yawo a cikin fata har su shiga ido, kuma duk wanda ya mutu a cikinsu sai jiki ya tayar masa da kumburi. Daga nan ƙaiƙayin da ke hana barci yake fitowa, wanda ke sa mutum susa da dutse ko tsinke har jini. Fata ta yi kauri, ta tsufa tun mai ita yana da ƙuruciya, ƙwauri ya yi dabbare-dabbare. A ido kuwa, shekara da shekaru na kumburi su bar tabo a baƙin ido ko su lalata jijiyar gani, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. An kuma gano cewa farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin yaran ƙauyukan da cutar ta yi kaka-gida.

Ɗan tsutsa ba ya balaga a jikin da aka haife shi. Tilas sai ƙuda ya tsotse shi, ya yi kamar mako guda yana rikiɗa a tsokar ƙirjin ƙudan, ya hauro kansa, sannan ya shiga wani jikin. Wani masani, Donald Blacklock, shi ne ya tabbatar da wannan a Saliyo a 1926. A riƙe wannan da kyau, domin shi ne amsar tambayoyi da yawa: ba a ɗaukar cutar ta cin nama ko ganda, ba a ɗaukarta ta shan nono ko fura, ba a ɗaukarta ta gaisawa ko haɗa shimfiɗa. Idan babu ƙuda, babu hanya.

Ƙasarmu ta san wannan ciwo tun da daɗewa. A shekarun 1950 wani likitan ido, F. H. Budden, ya zagaya Arewa yana duba yawan makafi a ƙauyukan bakin kogi. A 1976 an wallafa bincike a kan kwarin Hawal, maƙwabcinmu ta gabas, wanda ya nuna yadda mutane suka riƙa tashi suna barin ƙasa mai albarka saboda makanta. A shekarun 1990 ma an yi binciken cutar a ƙaramar hukumar Ningi. Kuma an daɗe da lura cewa a ƙasar ciyawa irin tamu ta fi makantarwa a kan yadda take yi a kurmi. Alƙaluman duniya na 2017 sun nuna mutum kusan miliyan 21 na ɗauke da ita, fiye da miliyan ɗaya sun sami matsalar gani, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da ke da kaso mafi girma.

To, ina saniya ta shigo? Mahauta da majema sun san wasu ƙananan kullutu masu tauri da ake samu a cikin fatar cikin saniya, wajen cibiya da hantsa. A cikinsu akwai wata tsutsa, Onchocerca ochengi, wadda aka fara bayyana ta a Yuganda a 1969. Saniya kan ɗauki ɗaruruwan kullutun nan tana kiwonta lafiya, ba makanta, ba rama. Asarar tana kan ƙirgi ne, domin yakan fito da huji da tabo, farashinsa ya faɗi. Wannan tsutsa ita ce 'yar'uwa mafi kusa ga ta mutum a duk dangin, kuma ƙuda ɗaya ne ke jigilar su biyun. Kusancin ya kai har masana da yawa na ganin tsutsar mutum asalinta ta shanu ce: wani reshe ne ya tsallako cikin mutane a can zamanin da, bayan kiwo ya bazu a Afirka, ya saba da sabon jikin har ya zama jinsi mai zaman kansa. Idan haka ne, mai cewa cutar daga dabba ta zo bai yi ƙarya ba, sai dai labarin dubban shekaru yake bayarwa. A yau kowace ta kama gidanta. Ta mutum ba ta girma a saniya. Ta saniya kuma tana shiga jikin makiyayi da manomi a duk daminar Allah, amma ba ta samun wurin zama, jiki yakan kashe ta. Akwai ma ta uku, ta gadu, dabbar da duk wanda ya je Yankari ya gan ta tana yawo. A Kamaru an samu tsutsarsa a cikin irin wannan ƙudan.

Wannan ba ya nufin ba a taɓa samun tsutsar dabba ta girma a jikin mutum ba. Ana samu, jefi-jefi. A Japan, musamman yankin Oita, an cire wa mutane kullutu a hannu ko kafaɗa aka tarar da tsutsar aladen daji a ciki, kuma wani jinsin baƙin ƙuda na can ne ke kawo ta. Abin ya zo daidai da yadda aladen dajin suka yawaita suka matso kusa da gonaki da gidaje. Akwai kuma Onchocerca lupi, wadda aka fara gani a jikin kyarkeci a Jojiya a 1967, daga baya ta bayyana a idon karnuka a Girka da Fotugal da kudu maso yammacin Amurka. An tabbatar da ita a idon mutum a Turkiyya a 2011, kuma a 2013 aka ba da rahoton wata yarinya da ba ta cika shekara biyu ba a Arizona, wadda tsutsar ta yi mata ƙari a kusa da lakar wuya. A Turai an samu ta barewa. Duk da haka, idan aka tattara rahotannin duniya gaba ɗaya, ba su kai ɗari ba. Yawanci tsutsa guda ce a kullutu guda, a fiɗe ta, magana ta ƙare. Mutum a wurinta hanya ce da ba ta ɓullewa: ba ta cika fatarsa da 'ya'ya, balle ƙuda ya kwasa ya kai wa wani. Ka auna wannan da miliyan 21, sai ka ga inda nauyin yake.

Amma amfanin sanin tsutsar saniya ya wuce kawar da tsoro. A tudun Adamawa na Kamaru, wajen Ngaundere, a bakin kogin Vina, an shafe shekaru ana nazarin ƙuda da shanu da mutane tare. Ƙasa ce ta Fulani makiyaya, shanu sun yi yawa, ƙuda kuma na cizo ba sassauci. Sai aka tarar mafi yawan tsutsotsin da ke kan ƙudajen na shanu ne, kuma cutar ba ta yi wa mutanen wurin tsanani yadda yawan cizon ya kamata ya jawo ba. Dalili biyu masu binciken suka kawo. Na farko a fili yake: cizon da ya sauka a kan saniya bai sauka a kan mutum ba, kuma ɗan tsutsar mutum da ƙuda ya zuba a jikin saniya ya mutu kenan. Na biyun ya fi zurfi. Jikin da ya saba karɓar tsutsar saniya yana kashewa yakan koyi kamannin dangin, ta yadda idan ta mutum ta shigo za ta tarar da garkuwa a shirye. An gwada abin ta ɗaya gefen, aka yi wa 'yan maruƙa allurar 'ya'yan tsutsar mutum, sai aka ga sun fi sauran jure wa tasu tsutsar. Kariyar ba cikakkiya ba ce, kuma jinin shanu ma abinci ne da ke raya ƙuda, don haka ba mai hankalin da zai ce a ɗaure sa a ƙofar gida a daina shan magani. Abin da nake cewa shi ne, garken da ke saukowa mashaya ba shi ne ke kawo makanta ƙauye ba. A wasu wuraren ma shi ke ɗauke wa mutane wani kaso na cizon.

Na damu da wannan batu ne saboda halin da muke ciki. Tsakanin manomi da makiyayi a bakin fadama akwai isasshen abin faɗa: ɓarna, burtalin da aka nome, mashayar da aka toshe. Ba ma buƙatar a ƙara wani zargi da ba shi da tushe, a ce shanun wane ne suka kawo wa ƙauye ciwon ido. Irin wannan magana tana da saurin yaɗuwa, kuma janye ta da wuya.

Inda tsutsar saniya take kawo cikas na gaske shi ne wajen ƙidaya. Burin yanzu ba rage cutar ba ne kawai, kawar da ita ne. Kolombiya ta yi a 2013, Ekwado a 2014, Meziko a 2015, Gwatamala a 2016, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kai ga haka. A nan gida, Filato da Nasarawa sun dakatar da rabon magani a 2018 bayan an tabbatar yaɗuwar ta tsaya. Kafin a yanke irin wannan hukunci akwai ma'auni. Ana ɗibar jinin yara 'yan ƙasa da shekara 10, a ga waɗanda suka taɓa haɗuwa da tsutsar ba su kai ɗaya cikin dubu ba. Ana kuma kama ƙudaje aƙalla 6,000, a ga masu ɗauke da tsutsa a kansu ba su kai ɗaya cikin 2,000 ba. Kamun ma aiki ne na sadaukarwa: mutum ya zauna a bakin kogi daga safe har yamma, ya naɗe wando, duk ƙudan da ya sauka a ƙafarsa ya kife shi da 'yar kwalba kafin ya ciza.

To a ƙarƙashin madubin likita, ɗan tsutsar saniya da na mutum kusan ba su da maraba. Wanda ya fede ƙuda a ƙasar shanu zai iya ƙirga ta saniya a matsayin ta mutum, ya rubuta cewa cuta na nan daram alhali ta tafi. Sakamakon haka a ci gaba da kashe kuɗi da ƙarfin 'yan sa-kai a inda an gama aiki, wani wurin da ke buƙata ya rasa. Kuskuren kan iya juyawa kuma: a saba cewa ai ta shanu ce, ranar da ta mutum ta dawo a yi mata kallon ta shanu. Wannan ne ya sa tun shekarun 1990 aka koma gwajin ƙwayar halitta, kuma shi ma sai an yi amfani da irin wanda ke bambance jinsunan biyu, domin kusancinsu na iya ruɗar gwajin da bai da kaifi. Ga jihohi irin Bauchi da Gombe, masu wuraren kiwo kamar Wawa-Zange da kasuwannin shanu kamar Mararrabar Liman Katagum, wannan ba ƙaramin batu ba ne. A ganina, duk lokacin da za a fita kamun ƙuda ya kamata a san yawan shanun da ke shan ruwa a wurin, a kuma leƙa mayanka a ga fatu nawa ke da kullutu. Likitan dabbobi na da abin faɗa a teburin da ake tsara yaƙi da makantar kogi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana nan kusa da mu, kuma cibiyar binciken sammore ta Kaduna wannan cuta na cikin aikinta.

Akwai kuma bashin godiya da saniya take bin idon mutum. Aibamektin, wanda muka fi sani da Mectizan, maganin dabbobi ne tun farko. A 1981 ya shiga kasuwa don tsutsar ciki da ƙwarin jikin dabba, sai daga baya aka gano yana share 'ya'yan tsutsa daga fatar mutum. A 1987 kamfanin Merck ya yi alƙawarin bayar da shi kyauta har iya lokacin da ake buƙata, kuma William Campbell da Satoshi Omura sun sami kyautar Nobel a kansa a 2015. Moksidektin, wanda Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2018, shi ma daga wurin dabbobi ya fito. Mafi ban sha'awa shi ne abin da aka gani a shanun Kamaru: an yi musu allurar tetirasaikilin na tsawon lokaci, sai manyan tsutsotsin suka mutu, kullutun suka narke. Dalili kuwa, a cikin tsutsar akwai wata bakteriya, Wolbachia, wadda in babu ita tsutsar ba ta haihuwa, daga ƙarshe ma ta mutu. Yau ana ba mutum doksisaikilin na mako 4 zuwa 6 don haka, a hannun likita, ban da masu ciki da ƙananan yara. Tunda tsutsar mutum ba ta girma a dabbobin da aka saba gwaji da su, saniya ce ta zama wurin gwada magunguna da rigakafi.

A nan dole in ja kunne. Kasancewar sunan maganin ɗaya bai sa allurar shanu da ake sayarwa a kasuwa ta zama ta mutum ba. Ƙarfinta da haɗinta na jikin dabba ne. Wanda ƙaiƙayi ya dama ya nemi mai rabon magani na ƙauyensu ko asibiti.

Mectizan na da iyaka guda da ta tsara dukan yaƙin: yana kashe 'ya'yan, yana dakatar da haihuwar uwar na wasu watanni, amma ba ya kashe ta. Don haka sai an sha kowace shekara, shekara 12 zuwa 15 ko fiye, har uwayen su tsufa su mutu ba tare da sababbi sun maye gurbinsu ba. Bayan shirin Afirka na yaƙi da cutar ya fara a 1995, aka ɗora aikin a kan al'umma: ƙauye ya zaɓi mutanensa, a ba su littafin rajista da sandar awo, su bi gida-gida. Wanda bai kai santimita 90 ba ba a ba shi, sauran kuwa ƙwaya ɗaya zuwa huɗu gwargwadon tsawo. Mai ciki da mara lafiya sosai a jinkirta musu. Tsari ne mai kyau, kuma shi ya sa yaran yau ba su san ƙauyen da yara ke jan iyayensu da sanda ba.

Sai dai tsarin an gina shi ne a kan mutumin da ke zaune wuri guda, wanda mai unguwa ya san ƙofar gidansa. Makiyayi fa? Ranar rabo yana iya kasancewa ya yi kudu da garke, wajen Taraba ko Binuwai, inda ƙudan ya fi yawa. Ya dawo an rufe littafi. Sunansa ba ya cikin rajistar nan, ba ya cikin ta can. Alhali shi ne ya fi kowa daɗewa a bakin ruwa, tun yana yaro ɗan bin maruƙa. Haka ɗan ci-rani mai noman rani, da masuncin da ke bin ruwa, da mai haƙar ma'adini da ke wanke ƙasa a rafi. Ga kuma wanda yana gida amma kullum amsarsa ita ce lafiyarsa ƙalau, ko ya ce ya taɓa sha jikinsa ya kumbura, bai san kumburin alamar mutuwar 'ya'yan tsutsar ba ne, kuma yakan lafa cikin 'yan kwanaki. Mutum ɗaya irin wannan, da uwar tsutsa mai shekara goma a gaba, ya isa ya riƙa ciyar da ƙudajen rafi guda. Ma'ajiyar cutar kenan, ba dabba ba. Kuma ƙudan kansa iska kan ɗauke shi ɗaruruwan kilomita, don haka nasarar Filato na rataye da abin da ake yi a Toro da Tafawa Ɓalewa da Bogoro.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar fasaha. A zauna da arɗo a tambaye shi watan da jama'arsa ke mashekari, a sa rabon ya dace da shi. A zaɓi masu rabo daga cikin rugar, masu jin Fulatanci, har da mata, domin akwai shigar da namiji baƙo ba zai yi ba. Ranar da malaman dabbobi suka tara garke don rigakafin ciwon huhu, mai Mectizan ya bi su da sandarsa, tunda makiyayi ba ya fashin ranar allurar shanunsa. Ranar kasuwar shanu ma dama ce. A ba mai tafiya ɗan kati da zai nuna a duk jihar da ya sauka. Sannan duk inda aka yi madatsar ruwa, babba ko ƙarama, a riƙa duba mazubarta, domin ruwan da ke kwarara a kan siminti yakan zama sabon wurin hayayyafar ƙudan ko da can babu shi.

Ga ma'aikatan asibiti kuma, kullutun da aka fiɗe daga jikin mutumin bakin kogi kada a jefar da shi a wuce. A sa shi a kwalba a tura ɗakin gwaje-gwaje. Ta haka aka gano tsutsar aladen daji a Japan da ta kare a Turkiyya, kuma ta haka za a san ko uwar tsutsar da ke jikin mutanenmu tana haihuwa har yanzu ko magani ya ci ƙarfinta.